Tawadar Allah Mai Kama da Sankara: Matsalar Ganewa Daga Gadon Asibiti Zuwa Ɗakin Gwaji

Tsakure

Maƙalar nan ta duba nau'o'in tawadar Allah da kamanninsu ke ruɗar da likita, har a ɗauke su a matsayin sankarar melanoma ko wani ƙarin fata na daban. Ta bi matsalar tun daga rahoton Sophie Spitz na 1948, ta kawo alƙaluman saɓanin da ake samu tsakanin ƙwararrun masu binciken tsoka, sannan ta auna abin da gwaje-gwajen ƙwayoyin gado suka warware da wanda suka bari. Matsayinta shi ne cewa shekarun majiyyaci, gurbin da tawadar ta fito, tarihinta da yadda aka yanko ta su ne ginshiƙin ganewa, gwaji mai tsada kuwa mataimaki ne. Ta kuma nuna cewa a wajen masu baƙar fata kuskuren ya fi karkata ta ɗaya ɓangaren, inda ake ɗaukar sankara a matsayin tawada ko gyambo, musamman a tafin ƙafa.

Gabatarwa

A shekarar 1948 wata likita mai binciken tsoka a asibitin Memorial da ke birnin New York na Amurka, Sophie Spitz, ta wallafa rahoto a kan yara 13. Ƙaraminsu yana da wata 18, babbansu shekara 12. Kowannensu an cire masa wani ɗan ƙari a fata, kuma da aka ɗora tsokar a madubin likita, abin da ido ya gani ba shi da maraba da melanoma, wadda ta fi sauran sankarorin fata kisa: ƙwayoyi manya-manya, cibiyoyinsu a kumbure, wasunsu suna tsakiyar rabewa. Da a jikin ɗan shekara 60 aka samo irin wannan tsoka, da an fara ba iyalinsa haƙuri. Amma cikin yaran nan 13, yarinya ɗaya ce kawai cutar ta kashe.

Spitz ta kira abin melanomar yara, tana zaton sankara ce ta gaske da ƙuruciya ke danne ta kafin balaga. Ba a jima ba aka gane cewa akasarin irin wannan ƙari ba sankara ba ne sam, kuma manya ma suna samunsa. Ita kanta ba ta yi tsawon rai ba, ta rasu a 1956 tana da shekara 46, sunanta kuma ya bi tawadar har yau. Ta bar wa na baya tambayar da har yanzu ake kokawa da ita: idan abu biyu sun yi kama a madubi, ɗaya yana kisa, ɗaya ba ya komai, da me za a raba su?

Kowane ɓangare aka kuskure, akwai wanda zai biya. In aka kira tawada sankara, za a yanke fata mai faɗi, a buɗe hammata ko matsematsi a ciro kaluluwa, a bar yaro da tabo, a bar iyayensa cikin zullumi shekara da shekaru. In aka kira sankara tawada, majiyyaci zai koma gida da murna, ya dawo bayan shekara biyu cutar ta kai huhu ko ƙwaƙwalwa.

Inda ruɗanin ya samo asali

Tawada tarin ƙwayoyin launi ce, wato ƙwayoyin da ke samar da sinadarin melanin mai ba fata duhunta. Melanoma ma daga waɗannan ƙwayoyin take tasowa, don haka tun fil'azal tushensu ɗaya. Tun jariri yana ciki, ƙwayoyin launi suna fitowa ne daga wuri guda da ƙwayoyin da ke lulluɓe jijiyoyin ji, daga nan su yi ƙaura zuwa fata. Shi ya sa tsohuwar tawada kan rasa launinta ta ɗauki siffar ƙarin jijiya, har mai duba madubi ya rubuta niyurofaiburoma. Wata kuma ta cika da zaren tsoka mai tauri ta koma kamar damatofaiburoma, ƙullin nan da ke yawan fitowa a ƙauri. Wadda ta kumburo a gefen hanci ba launi kan sa likita ya yi zaton sankarar ƙwayoyin gindin fata ce.

Kimanin jariri 1 cikin 100 ake haifa da tawada. Mafi yawa ƙanana ne, ba su kai santimita 1.5 ba. Manyan da ke wuce santimita 20 idan mutum ya girma ba kasafai ake ganinsu ba, kusan 1 cikin haihuwa 20,000. Sauran tawada, waɗanda ba na haihuwa ba, duk daga baya suke fitowa, tun daga ƙuruciya har zuwa shekarun samartaka.

Ma'aunan da ake koya wa ɗalibi ba su da wuyar haddacewa. A 1985 likitocin Jami'ar New York suka tsara alamomi huɗu na ido: rashin daidaito tsakanin ɓangarorin tawadar, iyaka mai karkace-karkace, launi barkatai, da faɗin da ya wuce milimita 6. A 2004 aka ƙara ta biyar, wato canzawa. A madubi kuma tawada lafiyayya iyakarta a yanke take, ƙwayoyinta suna ƙanƙancewa yayin da ake nutsawa cikin fata, na sama manya masu launi, na ƙasa ƙanana marasa launi, kuma ba a ganin ƙwaya tana rabewa a can gindi. Melanoma kan karya waɗannan ƙa'idoji. Inda gizo ke saƙar shi ne akwai tawada da dama da ke karya su alhali ba su da illa, akwai kuma melanoma da ke bin su sau da ƙafa.

Masu sojan gona

Tawadar Spitz sau da yawa ba ta ma yi kama da tawada ba a idon wanda ya fara ganinta. Ƙurji ne ja ko ruwan hoda, mai santsi, a kumatun yaro ko a ƙafarsa, ya fito ya girma cikin 'yan watanni sannan ya tsaya cak. Likita kan rubuta ƙarin jijiyoyin jini, ko tsiron nan ja mai saurin zubar da jini da ke fitowa bayan ɗan rauni. Sai tsoka ta isa ɗakin gwaji a ga ƙwayoyi masu siffar mazari da wasu masu faɗi sun taru gungu-gungu a tsaye. Abin da ke kwantar da hankalin mai dubawa shi ne tsarin ƙarin gaba ɗayansa: dama daidai da hagu, faɗi a sama tsini a ƙasa, ƙwayoyi suna ƙanƙancewa da zurfi. A 1979 Hideko Kamino ta bayyana wasu 'yan dunƙulallun abubuwa masu ruwan hoda da ke zama a mahaɗar saman fata da cikinta, waɗanda ganinsu da yawa kan karkata hukunci zuwa ga Spitz. 'Yar'uwar tawadar Spitz, wadda Richard Reed ya bayyana a 1975, baƙa ce wuluk, ta fi fitowa a cinyar 'yan mata, kuma a madubin hannu mai fitila da ake kira damoskof takan nuna zane kamar tauraro mai tartsatsi ta kowane gefe. A nan shekarun majiyyaci suna da nauyi ƙwarai. Siffar da za a karɓa a jikin ɗan shekara 6 a matsayin Spitz, in ta fito a bayan dattijo ɗan shekara 60, ana ɗaukarta melanoma har sai hujja ta nuna akasin haka.

Shuɗiyar tawada, wadda Max Tièche ya bayyana a 1906, launinta yana can cikin fata da zurfi, kuma zurfin ne ke sa ido ya gan ta shuɗiya ko ruwan toka. A fata mai duhu wannan shuɗin bai cika bayyana ba, baƙi kawai ake gani. Nau'inta mai yawan ƙwayoyi ya fi son ɗuwawu da ƙugu da fatar kai, yakan kai santimita 2 ko 3, ya kutsa har cikin kitse. Ana ruɗa shi da melanomar da ta bazu daga wani wuri, ana kuma ruɗa shi da ƙarin Bednar, wata sankarar zaren tsoka mai launi da aka bayyana a 1957, wadda ta fi yawa a tsakanin baƙar fata.

A 1989 Seab da Graham da Helwig suka tattara ƙari 70 na wani nau'i da suka kira tawada mai nutso. Tana fitowa a fuska da wuya da kafaɗar matasa, tana bin ramin gashi da jijiyoyi zuwa ƙasa, kuma ƙwayoyinta ba sa ƙanƙancewa ko kaɗan, launi yana nan har gindi. Bisa ƙa'idar littafi, wannan melanoma ce. Da yawa daga cikin 70 ɗin ma da wannan sunan aka fara aiko su. Amma cikin waɗanda aka bi sawunsu ba wanda cutar ta bazu a jikinsa.

Akwai nau'in da hannun mutum ke haifarwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka aske saman tawada aka bar saiwarta, launi kan dawo cikin tabon bayan 'yan makonni ko watanni, a warwatse, ba tsari. Kornberg da Ackerman sun bayyana wannan a 1975 suka kira shi melanomar ƙarya. A madubi ƙwayoyin launi suna hawa sama ɗaiɗai, abin da ke tayar da hankalin duk wanda bai san labarin ba. Alamar da ke taimakawa ita ce launin bai ƙetare iyakar tabon ba. Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce a ɗauko gilashin gwajin farko a sake dubawa. A asibitin da ke ajiye gilasai wannan aikin minti goma ne. Amma inda wanzami ne ya kankare tawadar, ko aka ƙona ta da wani ruwan magani a gida, babu gilashin farko, kuma in ba a tambayi majiyyaci ba, ba lallai ya faɗa ba.

Tawadar Sutton, mai farin zobe kewaye da ita, tun 1916 aka san ta. Garkuwar jiki ce ke cinye ƙwayoyin launin, kuma a jikin yaro ko matashi ba abin damuwa ba ce, sai dai a fata mai duhu farin zoben kan firgita iyaye.

Mafi wuya duka shi ne ƙullin da ke tsirowa a cikin babbar tawadar haihuwa. Jariri ne fatar bayansa ko ƙugunsa baƙa mai gashi, sai ga ƙulli ya taso a tsakiyarta cikin makonnin farko, yana girma da sauri, wani lokaci har ya fashe. A madubi ƙwayoyi cunkus, wasu suna rabewa. Duk da haka mafi yawan irin waɗannan ƙulli a jarirai ba sankara ba ne, kuma sukan tsaya ko su lafa da kansu. A 2006 Sven Krengel da abokan aikinsa suka haɗa bincike 14 da suka ƙunshi masu tawadar haihuwa 6,571, suka samu 46 ne kawai melanoma ta kama, wato kashi 0.7 cikin 100, kuma haɗarin ya fi taruwa a manyan da suka wuce santimita 40. Wannan adadi ya yi ƙasa sosai da abin da aka daɗe ana tsorata iyaye da shi. Abin da ya fi cancantar kulawa a jaririn da ke da babbar tawada tare da ƙanana barjat a jiki shi ne ƙwayoyin launi a ƙwaƙwalwa da lakar baya, yanayin da Rokitansky ya fara bayyanawa a 1861, wanda ya sa ake ba da shawarar hoton MRI a watanni 6 na farko.

Sojan gonar yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Akwai melanoma mai ƙananan ƙwayoyi masu tsari da ake wucewa a ɗauka tawada ce, sai an lura da rabewar ƙwayoyi a gindinta. Akwai wadda ke kama da tsohon tabo a kan dattijo ko wuyansa. Akwai kuma wadda ba ta da launi ko ɗigo.

Ƙwararru ma suna saɓawa

Wani zai ce ai maganin wannan shi ne a aika wa gwani. An gwada. A 1999 Raymond Barnhill ya raba wa ƙwararru 10 gilasai 30, ciki har da 17 masu siffar Spitz. A cikin 17 ɗin, guda ɗaya ne kawai aka samu mutum 6 ko fiye suka yi ittifaƙi a kan hukunci guda. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wasu ƙarin da suka kashe masu su, mafi yawan ƙwararrun sun karanta su a matsayin Spitz.

Bincike mafi girma shi ne na Joann Elmore da abokan aikinta, wanda mujallar BMJ ta buga a 2017. Likitocin binciken tsoka 187 daga jihohi 10 na Amurka suka duba samfuri 240, aka kwatanta hukuncinsu da na wani kwamitin gwanaye uku. A tawada lafiyayya sun dace da kwamitin kashi 92 cikin 100. A melanomar da ta yi zurfi, kashi 72. A rukunoni uku na tsakiya kuwa, kashi 25 da 40 da 43 kacal. An kuma sake ba su gilasan da suka riga suka duba bayan aƙalla wata 8 ba tare da an gaya musu ba, sai ga shi a ɗaya daga cikin rukunonin tsakiyar nan likita yana dacewa da hukuncin kansa ne kusan sau 35 cikin 100. Waɗannan likitoci ne masu kayan aiki, a ƙasar da melanoma ke zuwa teburinsu kowane mako. Mai wannan maƙala yana ganin darasin alƙaluman ba gazawar mutane ba ce. Akwai wani yanki na tsakiya da siffa kaɗai ba ta isa ta raba gardama a cikinsa, kuma rahoton da ya nuna tabbacin da babu shi ya fi wanda ya bayyana shakka cutarwa.

Ko ciro kaluluwar farko da ƙarin ke malala zuwa gare ta, dabarar da Donald Morton ya kawo a 1992, ba ta raba wannan gardama ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara masu ƙarin Spitz mai shakku 541 ya nuna cewa cikin 303 da aka ciro musu kaluluwa, 119 an samu ƙwayoyin ƙarin a ciki, amma kusan dukkansu suna raye bayan kimanin shekara 5. A melanoma ta gaske ba haka lissafin yake ba. Ke nan isar ƙwayoyin ƙarin cikin kaluluwa, wanda aka daɗe ana ɗauka hujja yankakkiya ta sankara, a wannan rukuni ba hujja ba ne.

Rini da ƙwayoyin gado

Rabin matsalar rini na musamman yana warware ta. Idan tambayar ita ce ko ƙarin daga ƙwayoyin launi yake ko daga wani tushe, rinin S100 da SOX10 da Melan-A sukan ba da amsa idan aka haɗa su, CD34 ya nuna sankarar zaren tsoka, rinin ƙwayar cutar HHV-8 kuma ya tabbatar da sankarar Kaposi. Ɗaya rabin, wato ko ƙarin mai illa ne, ya fi taurin kai. Rinin HMB-45 kan kama saman tawada ya bar gindinta, alhali a melanoma yakan kama nan da can har ƙasa, amma shuɗiyar tawada da tawada mai nutso suna kama shi daga sama har gindi ba tare da wata illa ba. Ki-67 yana ƙidaya ƙwayoyin da ke shirin rabewa. Na baya-bayan nan shi ne PRAME, wanda masu bincike a cibiyar Memorial Sloan Kettering suka nuna a 2018 cewa yana kama sama da kashi 80 na melanoma, kashi 86 na tawada kuma ba ya kama su ko kaɗan. Sai dai a melanoma mai kama da tabo, inda aka fi bukatarsa, kusan kashi 35 kawai yake kamawa.

Labarin ƙwayoyin gado ya fara da murna. A 2002 aka gano sauyi a ƙwayar gadon BRAF a cikin fiye da rabin melanoma, aka yi zaton an samu tambarin cutar. Shekara ɗaya bayan haka Pamela Pollock da abokan aikinta suka samu wannan sauyin a kashi 82 na tawada ta yau da kullum. Ashe sauyi ɗaya yana tayar da ƙwayoyi su yawaita ne kawai sannan su tsaya, sai an ƙara wasu sauye-sauyen kafin a kai ga sankara.

Abin da ya biyo baya ya fi amfani ta wata fuska. An gano kowane dangi da tambarinsa: GNAQ a shuɗiyar tawada a 2009, HRAS a wani kaso na Spitz, haɗewar ƙwayoyin gado irin su ALK da ROS1 da NTRK1 a kusan rabin ƙarin Spitz a 2014, NRAS a manyan tawadar haihuwa, hanyar beta-katenin a tawada mai nutso a 2017. A 2011 Thomas Wiesner ya bayyana iyalai masu 'yan ƙuraje kalar fata da suka rasa ƙwayar gadon BAP1, waɗanda ake ta rubuta musu Spitz, alhali gano su na iya nuna dangin da ke cikin haɗarin melanomar ido da sankarar rigar huhu. A ƙullin jarirai kuma, aikin Boris Bastian ya nuna cewa mara illa kan ƙara ko rage cikakken kuromosom, melanoma kuwa gutsattsari take ƙarawa tana ragewa. Bisa irin waɗannan sakamako ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarinta na 2018, ta ware rukuni na tsakiya mai suna melanosaitoma, ta amince a hukumance cewa tsakanin tawada da sankara akwai zango.

Gwaje-gwajen sun fi iya faɗin dangin da ƙari ya fito fiye da faɗin abin da zai aikata. Akwai alamomin haɗari na gaske, kamar ɓacewar kwafi biyu na yankin 9p21 da sauyi a mabuɗin TERT, amma sakamakon da bai nuna komai ba bai wanke ƙari ba. Ga tsada, ga kuma cewa mafi yawan ɗakunan gwaji a Afirka ta Yamma ba su da su.

Tafin ƙafa da farce

Kusan duk binciken da aka ambata a kan fararen fata aka yi shi, inda hasken rana ke kan gaba wajen haddasa melanoma, kuma damuwar likita ita ce kada ya kira tawada sankara. A baƙar fata melanoma ba ta da yawa, kuma idan ta zo ta fi zuwa inda rana ba ta da hannu: tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Tun 1967 M. G. Lewis ya nuna haka a Yuganda, kuma rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya sun daɗe suna maimaita abu guda, cewa ƙafa ce kan gaba kuma majiyyata suna zuwa a makare. Shahararren misali shi ne mawaƙin Jamaika Bob Marley. A 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, da farko aka danganta shi da raunin ƙwallo. Melanoma ce. Ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36.

Makarar tana da farashi da ake aunawa da milimita. A 1970 Alexander Breslow ya nuna cewa kaurin melanoma daga sama zuwa gindi shi ke hasashen makomar mai ita. Wadda ba ta kai milimita 1 ba, galibi tiyata kaɗai ke warkar da ita. Wadda ta wuce milimita 4 ta fashe, labarinta daban ne.

Wahalar tafin ƙafa ita ce baƙin ɗigo a wurin abu ne gama-gari a tsakanin baƙar fata, kuma ba za a yanke wa kowa ba. Tawadar tafin ƙafa lafiyayya ma a madubi takan jefa ƙwayoyinta sama ɗaiɗai kamar melanoma. A nan aikin Toshiaki Saida na Japan ya zo da sauƙi. Fatar tafin ƙafa tsarinta kamar gonar da aka yi wa huɗa ne, ga kunya ga kwari. A damoskof, launin tawada lafiyayya yana bin kwarin ne, na melanoma kuwa yana hawa kan kunya, inda ƙofofin gumi suke. A binciken Saida na 2004 wannan alama ta kama kashi 86 na melanoma, kuma da wuya ta bayyana a tawada mara illa. Shawararsa ita ce duk wanda launinsa ke kan kunya a yanka, haka nan wanda zanensa bai fito sarai ba in ya wuce milimita 7. Mai yanka tsokar a ɗakin gwaji kuma ya yanka ta a gicciye da layukan, in ba haka ba tsarin zai ɓace masa. Sai dai a yi hattara, domin jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata da wasu ɗigon launi na gado su ma sukan hau kunya.

A farce, baƙin layi mai tafiya daga gindi zuwa baki ya zama ruwan dare a manyan baƙar fata, kuma in a farata da yawa yake, galibi ba komai. Wanda ake zargi shi ne layi a yatsa ɗaya tilo, musamman babban yatsa, mai faɗin milimita 3 ko fiye, mai ƙara faɗi ta gindi, ko wanda launinsa ya tsallaka zuwa fatar da ke kewaye da farcen, alamar da Jonathan Hutchinson ya bayyana a 1886. Lalle yana rufe duk wannan, a farce da tafin ƙafa, don haka macen da ta zo da ƙunshi sabo a ba ta ranar dawowa bayan ya goge.

Idan ƙarin ya riga ya fashe, jerin abokan kamarsa a ƙasashen Sahel ya bambanta da na littattafan Turai. Akwai gyambon ciwon suga, akwai sankarar Kaposi, akwai sankarar saman fata da ke tasowa a tsohon gyambo ko tabon ƙuna, akwai kuma maisetoma, kumburin ƙafar nan mai fitar da ƙwayoyi da aka sani a Sudan da Nijar da arewacin Nijeriya. Ana iya shafe watanni ana wanke gyambo ana ɗaurewa alhali melanoma ce. Zabiya kuma sau da yawa tawadarsu ba ta da launi, don haka alamar launi ba ta cika aiki a kansu ba, ko da yake sankarar saman fata ce ta fi addabarsu. Su kuwa 'yan baƙaƙen ƙurajen nan da ke cika kumatun manya, waɗanda Aldo Castellani ya bayyana a 1925, ba tawada ba ne, ba kuma sa zama sankara.

Roƙo ga ma'aikatan lafiya

Abin da ya fi raba waɗannan nau'o'i, daga Spitz zuwa melanomar ƙarya zuwa ƙullin jarirai, bayanai ne da ba a saye da kuɗi, kuma su ne aka fi barin gurbinsu fayau a takardar da ke raka samfuri. Mai duba madubi yana bukatar ya san shekarun majiyyaci, ainihin gurbin ƙarin, faɗinsa a milimita, ko da shi aka haife shi, yaushe ya fara canzawa, ko an taɓa yanka shi ko ƙona shi, ko mai shi tana da juna biyu. Hoton waya guda, da ma'auni a gefen tawadar, yakan canza hukunci.

Yanka ma yana da ƙa'ida. Inda zai yiwu a ciro tawadar gaba ɗayanta da tazarar kimanin milimita 2 har zuwa kitsen ƙasa, domin daidaiton ɓangarori da ƙanƙancewar ƙwayoyi da kaurin Breslow duk ba a ganinsu a gutsure. Kada a ƙona ta da na'urar lantarki. A saka ta nan take cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10, wanda yawansa ya ninka tsokar sau 10.

Ga masu binciken tsoka, idan ƙari ya faɗa yankin tsakiya, a rubuta haka ƙarara, a faɗi abin da ya dace a yi, wanda galibi shi ne a cire ragowar gaba ɗaya a ci gaba da bibiyar majiyyaci, sannan a nemi ido na biyu, ko da ta hanyar aika hoton gilashin ne. A kuma riƙa ajiye gilasai da lambobinsu.

Ga likitocin tiyata da ma'aikatan asibitocin karkara, roƙon guda ɗaya ne. Duk tsokar da aka ciro daga tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, komai ƙanƙantarta, da duk gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa bayan an yi masa magani yadda ya kamata, a aika samfurinsu ɗakin gwaji, kada a jefa a kwandon shara.